Hoton gawar ya riga masu kai labari isa gidan

A Damagaram kai labarin mutuwa aiki ne mai ƙa'ida, kuma duk wanda ya tashi a Birni ko Zango ko Garin Malam ya ga yadda ake yin sa. Ba a aika yaro. Ba a faɗa wa uwa tana tsaye, ba a faɗa wa mai ciki kai tsaye, tsoho mai hawan jini kuwa sai an zaunar da shi an sa wani a kusa. Ana fara neman namiji babba a dangi, baffa ko kawu ko wa, shi kuma ya nemi liman ko wani dattijon unguwa, su tafi su biyu ko uku. Kafin su yi sallama an riga an tura wata maƙwabciya mai hankali ta shiga cikin gidan kamar hira ta kawo ta. In sun zauna ba sa fara cewa ya rasu. Sai su ce an yi hatsari, jikin ya yi tsanani, a yi ta addu'a, su bar zuciya ta matso da kanta, sannan dattijon ya ce, "Sai haƙuri, rai ya yi halinsa." Duka abin bai fi awa ɗaya ba. Amma awar nan ce ke sa uwa ta faɗi a hannun mutane, ba ita kaɗai a tsakar gida ba.

Waya ta cinye wannan awa. Mu da muka haɗu a kan rubutun nan, a cikinmu akwai masu gyaran waya a bakin Kasuwar Dole, akwai masu riƙe da gurup na unguwa, akwai masu wankan gawa. Labarin da za mu bayar ba namu ba ne. Na wata baiwar Allah ne da ta yarda a faɗe shi, da sharaɗin kada a ambaci sunanta, ko na ɗanta, ko unguwarsu.

An haife ta a wani ƙauye wajen Mirriya, aure ya kawo ta birni tana yarinya. Mijinta magini ne, ya rasu ya bar mata ƴaƴa biyar. Da ƙosai ta riƙe su, da dambu da kwaɗon zogala da rana, a shekarun da famfon unguwa kan yi kwanaki ba ɗigo, ta tashi tun kafin asuba ta bi layin ruwa sannan ta dawo ta hura wuta. Babban ɗanta namiji ya bar lakwal a aji shida don ya taimaka mata. Ya shiga tasha yana yaron mota a hanyar Tanut da Agadas, ya yi shekaru yana ɗaure kaya, yana sauya taya, yana kwana ƙarƙashin mota, har ya samu takardar tuƙi. Da kuɗinsa na farko mai kauri ya sauya mata rufin ɗaki ya sa kwano. Ya yi aure, Allah ya ba shi ɗiya mace. Ita uwar ƙaramar waya gare ta mai madannai, ta kira kawai. Babbar wayar gidan tana hannun autarta, kuma a can yake turo saƙon murya duk sa'ar da ya isa Tanut: "A gaya wa Inna mun sauka lafiya."

Ranar da abin ya faru ba shi ke tuƙi ba. Tayar gaba ta fashe wa motar bayan sun wuce Tanut, ga kaya an yi mata tuli, ga mutane a sama, ta kauce ta kife. Motar farko da ta iso ta tsaya. Wasu suka ruga ɗaga kaya daga kan masu rauni, wasu suka zaro waya. A cikin hotunan da aka ɗauka akwai nasa, yana kwance a gefen hanya fuska a buɗe. Babu rezo, wato layin sadarwa, a wurin, don haka hoton ya zauna cikin waya har aka iso inda akwai, aka jefa shi a gurup ɗin direbobi. Daga nan ya shiga na ƴan tasha, ya shiga na wata fada, wato majalisar hirar samari, wata mata ta gan shi a wayar mijinta ta tura wa gurup ɗin adashe da rubutu a ƙasa: "Ko akwai wanda ya san wannan bawan Allah?" Da kyakkyawar niyya ta yi. Autar tana cikin wannan gurup.

A daidai wannan lokaci mai motar ya yi abin da ya dace. Ya kira baffan yaron, baffan ya ajiye abin da yake yi ya nemi liman, suna kan hanya. Yarinyar ba ta ma buɗe gurup ɗin ba. Ma'ajiyar hotuna ta buɗe don ta nuna wa uwarta samfurin atamfar wani biki, sai ga hoton a sama da kome, domin wayar tana saukar da duk abin da ya shigo da kanta. Ta yi ƙara. Uwar ta karɓi wayar da hannu duk ƙullun ƙosai. Ta ce ba da fuska ta gane shi ba, fuskar ta sauya. Da aljihun riga ta gane shi, wanda ya yage ta ɗinke masa da baƙin zare saboda ba ta da fari a lokacin. Da baffan da liman suka yi sallama sun tarar da gida cike da mata, ita kuma an shimfiɗe ta ana yayyafa mata ruwa.

Abin da ta fi maimaita mana shi ne wannan: "Mutuwa ta Allah ce, ban yi jayayya da ita ba. Abin da ke cina, hanyar nan kowa da rawani a kansa. A ce ba a samu mutum ɗaya da zai warware nasa ya rufe masa fuska ba kafin a ɗauke shi hoto."

Masu wankan gawa a cikinmu sun ce maganar nan ta fi dukansu. A ɗakin wanka ba a barin kowa sai masu aikin, mutum biyu ko uku. Ana rufe tsakanin cibiya da gwiwa da zane kafin a cire tufafi, ana naɗe hannu da ƙyalle, kuma duk abin da ido ya gani a jikin mamaci a ɗakin yake mutuwa, ko matarka ba ka faɗa wa. Al'ummar da ta san wannan ita ce yau ke riƙe da hoton gawar ɗan wani a aljihu, tana nuna wa juna a wurin shayi.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa hoton ba ya komawa in ya fita. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019, a 2020 kuma ya sa saƙon da aka yi ta turawa ba ya tafiya sai wuri ɗaya-ɗaya. Wannan bai tsare kome ba a nan, domin gurup ɗaya na iya ɗaukar mutum 1024, kuma wanda ya ajiye hoto a wayarsa ya sake ɗora shi, sabo ne a wurin manhajar. Akwai damar goge saƙo ga kowa, tana aiki har kimanin kwana biyu, kuma mai riƙe da gurup na iya goge saƙon wani. Amma gogewar a gurup ɗin kawai take tsayawa. Wanda ya riga ya tura gaba, ko ya ɗauki hoton allon wayarsa, ko ya sa a statu, nasa yana nan. Shi statu awa 24 yake yi, kuma shi ne mafi haɗari, saboda yana zuwa wa duk mai lambarka da kai ma kake da tasa, ciki har da surukai da tsofaffin maƙwabta da ka manta kana da su. A Facebook kuwa babu awa 24. Abin da aka ɗora yana nan sai mai shi ya cire, ko kamfanin.

A Facebook ɗin ne kashi na biyu na wahalar gidan ya fito. Wani shafi mai ba da labaran gari ya ɗora hotunan, mutane suka yi ta rubutu a ƙasa. Gaskiya ita ce yawancinsu addu'a ce: Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa sun huta, Allah ya kyautata namu zuwan. Amma a tsakanin addu'o'in akwai masu danna alamar dariya. Akwai wanda ya rubuta, "Direbobin hanyar nan duk ƴan tiramol ne, Allah shi ƙara." Akwai wanda ya ce, "To mu ina ruwanmu, kullum sai an mutu." Wata ta sa tallar turaren wuta da lambar wayarta. Wasu biyu suka mai da wurin fagen gardamar siyasa, kowa na ɗora wa gwamnatin da ba ya so laifin lalacewar hanya, har suka kai ga zagin iyaye a ƙarƙashin hoton gawa.

Mai rubuta irin wannan yana ɗauka da jama'a yake magana, jama'ar da ba ta da fuska. Bai san wa ke karantawa daga baya ba. Kwanakin farko masu makoki ba su da lokacin waya, gida cike yake, ana sadakar uku, ana ta bakwai. Sai an watse, tabarmi sun koma gidajen masu su, sannan matar mamacin ta zauna takaba, wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ga goyo, ga dare mai tsawo. A nan ta shiga neman duk inda aka ambaci mijinta. Ta karanta rubutun nan ɗaya bayan ɗaya, ta danna alamar dariyar ta ga sunayen waɗanda suka yi ta, domin Facebook yana nuna su. Addu'a ɗari ba ta iya kawo ko ɗaya da ka ba, amma maganar tiramol ta haddace ta harafi da harafi. Mijinta ko goro ba ya ci, kuma ba shi ne a kan sitiyari ba.

Wannan hali ba a kan talaka ɗaya yake tsayawa ba. A daren 5 ga Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin Yamai, mutane suka zo ɗibar mai, ta kama da wuta, aƙalla mutum 55 suka mutu nan take. A Oktoba 2024 irin haka ta faru a Majiya ta jihar Jigawa, aka rasa sama da 150. Duka biyun kalma ɗaya ta cika bakin wasu a intanet: kwaɗayi mabuɗin wahala, su suka ja wa kansu. Gargaɗi a kan kusantar tankar da ta kife wajibi ne, kuma a yi shi da ƙarfi, a gidajen rediyo da masallatai da makarantu. Amma akwai bambanci tsakanin mai gargaɗi da mai murna, kuma ana gane shi ne a lokaci da wuri. Mai gargaɗi ba ya zuwa ƙarƙashin jerin sunayen matattu ranar jana'iza. Ko gobarar ajin zana ta Maraɗi a Nuwamba 2021, wadda ta ci aƙalla yara 25, ba ta tsira daga masu neman wanda za su zarga a cikin iyaye ba.

Mutanen jihar Damagaram sun san zafin wannan tun kafin kowa ya riƙe babbar waya. A Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu mutanen wajen Kance ne. A lokacin ma an samu masu cewa wa ya aike su bara. To amma a fada aka faɗa, a bakin shago, kuma maganar ta tsaya inda aka yi ta. Wani dattijo kan ce, "Kai, ji tsoron Allah," a yi shiru. Yanzu maganar rubutacciya ce, da suna da hoto, kuma dattijon ba ya wurin.

Me ke sa mutum ya yi haka? A ganinmu ba duka mugunta ba ce, ko da yake akwai ta. Akwai gajiya. Wanda ya buɗe wayarsa da safe ya ga Tillaberi, ya ga Difa, ya ga Zamfara, ya ga Gaza da Sudan, ya ga ambaliyar 2024 da ta kashe sama da mutum 300 a Nijar ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a idon kowa, zuciyarsa kan kai inda ba ta ɗauka kuma. Wannan ba laifi ba ne, kuma ba wanda aka wajabta wa ya yi kuka a kan kowace gawa. Laifin yana farawa ne sa'ar da ya ga dole sai ya sanar da duniya cewa shi bai damu ba. Wanda ba ruwansa da gaske wucewa yake yi. Wanda ya tsaya ya rubuta "ba ruwana" yana son a gan shi ne. Akwai kuma tsoro: in ka samo wa mamaci laifi, gudu ko kwaɗayi ko ƙwaya, sai ka ji kamar kai ka tsira tunda ba ka yin abin. Akwai ɗacin rai na wanda nasa ya mutu ba wanda ya kula, yake ramawa a kan na wasu.

Sannan ita kanta manhajar tana ba mai wannan hali lada. Facebook ya kawo alamomin nan na ƙauna da dariya da mamaki da baƙin ciki da fushi a 2016. Takardun cikin gidan kamfanin da suka fito fili a 2021 sun nuna an taɓa ba kowace irin alamar nan nauyi ninki biyar a kan danna "ina so" na yau da kullum wajen zaɓen abin da za a nuna wa mutane. An sauya lissafin daga baya, amma tushen yana nan: abin da ya fi jawo martani shi ya fi yawo. Saboda haka in mutum hamsin suka taru suna zagin mai dariya, sun ɗaga maganarsa sama ne, sun kuma ƙara wa hoton gawar tafiya. Wannan shi ne kuskuren da masu kishi suka fi yi, kuma da zuciya ɗaya suke yin sa.

Ƙanen mamacin ya so ya bi ta wata hanyar. Ya bi sunan mai maganar tiramol har ya gano shi, ashe yaro ne bai kai ashirin ba, kuma tsakanin gidansu da nasu bai fi tafiyar minti goma a kabu-kabu ba. Ya tara abokansa. Da uwar ta ji sai ta kira shi ta ce, "Na binne ɗaya, ba zan kai wa na biyu tuwo gidan kaso ba. Ka kira mini baffanku." Baffan ya je wurin uban yaron da wayar a hannu ya karanta masa. Uban, wanda bai taɓa shiga Facebook ba, ya zo gaisuwa da kansa ya sa yaron a gaba, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ku yi mana aikin gafara, ban san abin da yake yi da wayar ba." Da aka tambayi yaron dalili, abin da ya ce shi ne bai san ɗan gari ba ne, ya ɗauka mutanen wani wuri ne. Ya goge rubutun a gabansu. Mu dai amsar nan ta fi rubutun tayar mana da hankali, domin ma'anarta da baƙo ne da ba kome. Ya tabbata a hadisi cewa an wuce da gawa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce. Ya kuma hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Ga wanda Allah ya sa ya fara isa wurin hatsari, abin yi a jere yake. A sa alama nesa kaɗan gaba da baya, reshe ko duwatsu ko jarka, kada wata motar ta afka. A kira lamba 18 ta ƴan kwana-kwana ko 17 ta ƴan sanda, in a daji ne a nemi jandarma mafi kusa, a faɗi hanya da garin da aka wuce da yawan masu rauni. A fara da masu rai: a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ja wanda ake zaton ya karye a wuya ko baya sai in wuta ko wata motar na barazana, kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Wanda ya cika a rufe shi, da rawani ko zane ko tabarma ko buhu. In ana bukatar hoto don shaida, a ɗauki motar da lambarta da yanayin hanya, a ba jami'ai, ba gurup ba. In kuwa ba a san mamaci ba ana neman danginsa, ba a bukatar fuskarsa. A rubuta kamanninsa da tufafinsa da motar da ya shiga da tashar da ta taso, a sa lambar wanda za a kira. Ƴan tasha sun san wanda ya hau kowace mota fiye da yadda ake zato.

Wayar mamaci ma wuri ne da ake yin ɓarna ba da sani ba. Mai taimako kan ɗauka ya kira lambar ƙarshe, ko ya nemi inda aka rubuta "Inna" ko "Uwargida", ya faɗa mata kai tsaye. A nemi "Baffa" ko "Kawu" ko "Yaya" ko "Maigida". Direbobi da masu yawan tafiya su rubuta lambar wani namiji babba a takarda su sa tare da katin ɗan ƙasa, tunda yawancin wayoyi yanzu a kulle suke.

Masu riƙe da gurup su ne suka fi kowa iko a awar farko, kuma akasarinsu ba su san haka ba. Da zarar hoton gawa ya shigo a goge shi ga kowa nan take, ba sai an yi shawara ba. A shiga saitin gurup a mai da shi masu riƙewa kaɗai ke iya rubutu, na awa biyu ko uku. A kira wanda ya turo a waya, ba a cikin gurup ba, a tambaye shi ina ya samo kuma ina da ina ya tura, a roƙe shi ya bi ya goge. Kada a sa suna sai wani daga cikin dangi ya tabbatar an sanar da uwa da mata, kuma a tambaya da baki: an faɗa wa mahaifiyarsa? Sunaye a garin nan suna kama da juna, an sha sanar da rasuwar mai rai saboda sunansa da na ubansa sun zo ɗaya da na mamaci. Sanarwar da ta dace gajera ce: suna, unguwa, lokacin jana'iza da wurinta. In za a sa hoto a sa na lokacin da yake raye, da izinin gidan.

A kowace waya da ke gidan da akwai tsofaffi ko yara, a shiga saitin WhatsApp, sashen ma'ajiya da data, a cire saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, a kuma shiga sashen hira a kashe bayyanarsu a ma'ajiyar hotuna. Aikin minti biyu ne, yana rage cin forfe, wato kuɗin data, kuma da an yi shi a wayar autar nan da hoton ya tsaya a dushe cikin gurup har su baffa su iso.

Mai dariya da mai "Allah shi ƙara" kuwa, kada a amsa musu a fili. A ɗauki hoton allon don shaida, a kai ƙarar rubutun ta wurin da Facebook ya tanada, mai shafi ya ɓoye shi ko ya goge ya toshe mai shi. In an san shi a bi ta kan babbansa, wannan ya fi aiki a Damagaram fiye da duk wani maɓalli. Akwai kuma doka. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga mai yaɗa abin da ke tauye mutuncin ɗan Adam, kuma dangi na da damar kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. A kula da masu neman taimako da sunan marayu. Sau da yawa kafin a yi bakwai wani ya ɗauki hoton ya haɗa da lambar aika kuɗi da ba ta gidan ba. Duk mai son taimakawa ya kai da hannunsa ko ya kira wanda ya sani a dangin.

Ita baiwar Allahn nan ta koma bakin kaskonta bayan arba'in, domin akwai jika da za a ciyar. Matar ɗan ta gama takaba ta zauna tare da ita. Shafin da ya ɗora hotunan ya cire su bayan baffan ya aika musu, amma da shekara ta kewayo hoton ya sake ɓullowa a wani gurup da sabon rubutu, wai hatsari ne da ya faru yanzu-yanzu a hanyar Gure. Haka tsofaffin hotuna ke yi, shi ya sa duk wanda ya ga irinsu ya tambayi rana da wuri da wanda ya gani da idonsa kafin ya taɓa su.

Akwai abu na ƙarshe da gidan bai sani ba sai da ya same su. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, layin da aka daina amfani da shi kuma kamfanin waya kan sake sayar da shi bayan wani lokaci. Wata rana autar ta ga lambar yayanta ta dawo da hoton wani mutum daban. Dangin mamaci su yanke shawara tun da wuri: ko a ci gaba da sa wa layin kuɗi, ko a kwafe hotuna da saƙonnin murya zuwa katin ajiya da wata wayar sannan a rufe asusun a goge lambar daga wayoyin gida. Shafinsa na Facebook ana iya neman a mai da shi na tunawa ko a rufe shi baki ɗaya, kuma za a nemi shaidar rasuwa, don haka a karɓi takardar a ofishin magajin gari tun ana cikin kwanakin makoki, a ɗauke ta hoto a ajiye a wurin mutum biyu.